Baba Mai Doya a Keke

Ko na tsufa na manta sunana, ba na jin zan manta da waƙar mai doya. Lokacin garinmu Suleja ana ce masa Abuja, ni kuwa sabon malami ne, ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare a unguwar Wambai. Ba mu da littattafai, sai in tsara 'yar waƙar ban dariya, in zana hotonta a kwali in rataye. Yara na so, kaina kuwa ya fara kumbura.

Kullum da safe wani dattijo daga ƙauyen Chaza kan wuce ta gaban makarantar da doya a keke marar birki, da ƙafa yake tsayawa. Shi na zana, har da facin hularsa, na rubuta:

Baba mai doya a keke,
Keke ba shi da birki,
Ya ce wa akuya, “Kauce!”
Baba da doya sai tabki!

Kai, ranar aji ya kusa tsagewa da dariya! Yarinya ɗaya ce kawai ta kifa kai a benci, ni kuma saboda wauta na ce barci take ji. Ashe 'yarsa ce. Yara suka riƙa bin mutumin a titi suna rera waƙar, ita kuwa ta daina zuwa makaranta.

Da na ji labari, kunya ta kama ni. Na naɗe kwalin na tafi Chaza ba shi haƙuri. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya daɗe yana kallon zanen.

“Malam, ka iya zane,” in ji shi. “Amma ka bar abu ɗaya. Kullum 'yata tana zaune a gaban keken nan, a kwanar makarantarku nake sauke ta. Jiya ta ce ba za ta ƙara hawansa ba.”

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan mako biyu ta dawo, amma da ƙafa, tun daga Chaza, har shekara ta ƙare. Na ci gaba da waƙoƙina, sai dai kura da kwaɗi na koma zanawa. Tun daga ranar, kafin in ba yara dariya, sai na duba ko a cikinsu akwai wanda zai sunkuyar da kai.