Bayan Namadi Mai Haƙar Rijiya

Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Fakku da Kebbe, da wuya bai sha na rijiyar da Namadi ya haƙa ba. Shekara talatin da fuɗu yana sauka rami da yatsun ƙafa. Ga shi da taurin kai, wallahi. Ciwon baya ya fara lanƙwasa shi, ya yi shekara biyu yana cewa sanyi ne.

Da ƙafafu suka fara yi masa nauyi, 'yarsa Hamdiya, malamar makaranta a Tambuwal, ta kai shi wani asibiti a Abuja. Aka ce ƙashin baya ne ya ci, yana danne laka, sai an miƙe shi an ɗaura ƙarfe. Shi dai abu ɗaya ya riƙe, a miƙe shi ya koma rami.

Kafin a sa shi barci, wata ma'aikaciya mai suna Zulfa ta yi masa bayanin aikinta. Za ta soka 'yan allurai a kansa da ƙafafunsa, na'ura ta riƙa aika saƙo ta jijiya, ita kuma tana duba ko yana isa. Ko saurarenta bai yi ba.

Ana cikin aiki, likita na ƙara miƙe ƙashin, sai saƙon ƙafar hagu ya ɗauke. Zulfa ta ce a dakata. Aka sassauta, saƙo ya dawo. Aka sake ja, ya sake ɗaukewa. Likita ya ɗaure ƙarfen daidai inda jijiya ta yarda.

Ya farka ƙafafu na motsi, amma baya a duƙe, kuma an ce shi da rijiya sun rabu ke nan. Ranar nan an sha faɗa. Hamdiya ta ce ba don matar nan ba, da a kujera za a mai da shi gida.

"Wa ya tambaye ta?" in ji shi. "Ni nika shiga rami ko ita?"

Wata bakwai yana zaune ƙofar gida, ransa a ɓace. Mai zuwa dubiya ma sai ya shirya.

Sai Allah ya yi wa Ɗan'iya rasuwa, wanda ya yi shekaru yana riƙe masa igiya a bakin rijiya. Namadi ya tashi, ba sanda, ya taka har maƙabarta. Ya tarar masu haƙa sun karkata ramin. Ya karɓe dagi, ya zura ƙafar hagu, ya sauka. Ba wanda ya iya hana shi. Ya gyara wa abokinsa makwanci yana hawaye, ya fito da ƙafarsa.

Da la'asar ya kira Hamdiya.

"Ɗiyata, matar nan mai allurai, mi as sunanta? Ki ce mata ni na kai Ɗan'iya."