Kawu da Jirgin Tabarma

Ranar Asabar na kai 'yata Hanan tafkin Titiwangsa, a nan ƙasar wajen da muke zaune, muka shiga ɗan kwalekwale. Sai ta lashi yatsa ta ɗaga sama ta ce, da salon maganar mutanen nan, "Abba, iska tana bayanmu lah!" Ni na koya mata gwada iska haka, amma sai da idona ya ciko. Ɗabi'ar Kawu ce, yayan mahaifiyata, wanda ya rasu bara.

Kawu bai taɓa ganin teku ba. Amma muna yara, da la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya buɗe wani tsohon littafin 'yan fashin teku mai ƙanshin turarensa, yana karantawa yana mayar mana da Hausa. Tabarmar ce jirgi, duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya nutse. Ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, turke yake ce masa, kamar na akuya. Ƙyallen da iska ke turawa kuwa, rawaninsa yake warware mana mu riƙe.

Da na zo karatu nan, na je bakin teku na kira shi, na kara wayar kusa da igiyar ruwa. Ya yi ta saurare. Can ya ce, "Ɗanɗana min."

"Gishiri ne, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Ashe ban yi muku ƙarya ba."

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Allah Ya sa a gaɓar Aljanna jirginka ya kafa turke.