Littafin Malama Rusana a Jikin Falwaya

Shagona na banitsa, wainarmu ta ƙullu da cuku da ake gasawa a tanda, yana jingine da maɗaba'ar Stamen, bango ɗaya ne tsakaninmu, shi ma na katako. Saboda haka rigimarsa da Malama Rusana ban je neman jinta ba, ita ta same ni ina murza ƙullu. Ni haifaffiyar garin nan ce, ba ni da kowa a Brestino, don haka ba ni da ɓangare. In aka matsa mini, zan ce dukkansu taurin kai gare su, sai dai nata ya girmi nasa.

A Brestino aka haifi Malama, wani ƙauye a kwarin da ke bayan tsaunin nan, kuma a makarantar ƙauyen ta fara koyarwa tana budurwa. Ba a daɗe ba aka datse kogi. Aka kwaso mutanen ƙauyen a manyan motoci aka zuba su a benayen bakin tasha, ruwa ya haye gidajensu da cocinsu da maƙabartarsu. Ita aka ba ta aji a makarantar garinmu, ba ta bar shi ba sai da ta yi ritaya. Ta auri wani direban bas marar hayaniya, ya riga ta gidan gaskiya. Ɗansu ɗaya yana Sifen yana aikin gini. Rabin garin nan ita ta koya musu riƙon alƙalami, kuma har yau in ta kalli mutum ta saman tabarau sai ka ga ya zare hannu daga aljihu. Banitsata takan ce mata "ba laifi", wanda a bakin Malama babban yabo ne.

Da ta ajiye aiki sai ta kama rubuta Brestino gida-gida, daga na farko a kan tudu har na ƙarshe a bakin injin niƙa: wa ya gina, me suke shukawa, da wa suke gaba. To, a Brestino ba a kiran gida da sunan da ke takardar hukuma, don rabin ƙauyen sunan danginsu ɗaya ne, Petkov. Kowane gida da laƙabinsa, kuma babu mai daɗin ji ko ɗaya. Akwai Gidan Ba-Gishiri, inda aka taɓa ciyar da 'yan biki miya lami. Akwai Gidan Kurman Ƙararrawa, wanda kakansu ya yi ta kaɗa ƙararrawar coci bayan an gama ibada an watse. Haka ta rubuta su, kowane da dalilinsa. Ta ce ƙauyen ba shi da sauran dutse ko ƙofa a doron ƙasa sai waɗannan sunaye, kuma masu riƙe da su kullum raguwa suke.

Stamen tsohon ɗalibinta ne. A allon ƙofarsa an rubuta "Kamfanin Wallafa", kamfanin kuwa shi ne da matarsa da wani inji da ya girme su duka. A shekara yakan fitar da littafi biyu ko uku, waƙoƙin wani likitan haƙori, tarihin ƙungiyar mafarauta, irin waɗannan. Abincinsa na gaskiya takardun rasuwa ne. Mutum ya mutu, a buga takarda da hotonsa a manna a ƙofar gida da falwaya da bishiyar coci. A sake ranar arba'in, a sake a wata shida, a yi ta sakewa kowace shekara har masu tunawa su ƙare. Mutanen Brestino sun fi kowa riƙo da wannan, tunda kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin ruwa. Falwayar bakin tasha ita ce maƙabartarsu.

Da Malama ta kawo masa littafin, Stamen har rawar jiki yake. Ya tsara shafuka, ya sa aka zana bango, ya shigo wurina da shi yana nuna wa masu cin banitsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. Kuma shi da bakinsa ya ja wa kansa. Duk bazara mutanen Brestino sukan taru a bakin dam, su yanka raguna, su dafa miya a manyan tukwane, su zauna suna kallon ruwa suna nuna wa jikoki inda ba a ganin komai. A taron shekarar nan Stamen ya ɗauki lasifika ya ce Malama za ta ɗanɗana wa jama'a kaɗan.

Ta miƙe ta karanta Gidan Ɓarawon Jaki. Daga baya ta ce nan takardar ta buɗe, ni kuwa na san Malama ba ta buɗe takarda da ka. Labarin wani mutum ne da ya sato jakin maƙwabcin ƙauye, ya shafe shi da toka don ya sauya kama, ruwan sama ya tona shi a tsakiyar kasuwa. Jikan mutumin nan, Trendafil, mai injin yankan katako kuma shugaban ƙungiyar 'yan Brestino, yana zaune a sahun gaba da surukansa 'yan babban birni Sofiya waɗanda ba su taɓa jin zancen ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya har miya ta fito masa ta hanci.

Trendafil bai yi faɗa ba. Da sati ya zagayo ya shigo maɗaba'a, ya cire hula, ya tambayi lafiyar iyali.

"Arba'in ɗin yayata ya kusa, Stamen," in ji shi. "An ce mini a birnin Plovdiv ma suna buga takarda mai kyau. Har da launi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bayansa sai 'yan Gidan Ba-Gishiri, sai na Kurman Ƙararrawa, kowa da mamacinsa da zancen Plovdiv. Stamen ya aika wa Malama ta zo, ni kuma na rage wutar tanda don in ji da kyau.

"Malama, zauna mana. In kawo kofi?"

"Ban zo shan kofi ba. Miƙe bayanka ka yi magana."

"Wato littafin lafiya lau yake, wallahi. Laƙuban nan ne kawai. Mu cire su mu sa sunayen takarda, kowa ya huta."

"Sunayen takarda. Gidan Petkov kusa da gidan Petkov, daura da gidan Petkov. Wa zai gane na ubansa?"

"To sai mu sa lamba."

"Lamba? Kurkuku na rubuta?"

"Malama, don Allah ki dube ni. Da mamatan nan nake ci. In 'yan Brestino suka kwashe nasu, rufe shago zan yi."

"Tun kana ƙaramin aji haka kake. A ce wa ya fasa taga, kai ka shige ƙarƙashin tebur, alhali ba kai ba ne."

"Ai shi ya sa har yau nake da rai, Malama."

"Kake da numfashi dai."

Ta kafe, ya kafe. Washegari ya kai mata takardunta har gida a cikin leda, ya ajiye a bakin ƙofa ya danna ƙararrawa ya sauko da sauri, ƙato mai jikoki. Ta je wurin lauya, shi ma ɗalibinta ne, ya ce da musabaha aka ƙulla maganar, kuma musabaha ba ta zuwa kotu. Ta aika wa kamfanonin birni, suka ce wa zai sayi labarin ƙauyen da ba ya cikin taswira. Duk lokacin sanyin nan in ta zo sayen banitsa, baya take juya wa tagar Stamen, shi kuma ya laɓe bayan inji har ta wuce. Ni abin dariya yake ba ni, amma na lura rigar sanyinta ta fara yi mata yawa.

Da ƙanƙara ta narke, wata safiyar Juma'a sai ga ta ta tura ƙofar maɗaba'a da kanta. Ta ajiye wani tsohon hoto a kan kanta, ta ce takardar tunawa take so a buga wa Dyado Stoil, wato Kaka Stoil, na gidan farko a kan tudu. A ƙasan hoto, inda aka saba sa baiti huɗu na kuka, ta ba shi abin da za a rubuta.

"Malama, wannan ai shafin farko na littafin ne."

"Takardar tunawa ce. Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu tun ba a haife ni ba."

"To buga."

Stamen ya zagayo wurina yana sosa ƙeya. "Zlatka, ya zan yi da matar nan?" Na ce ya ci banitsa tun da zafi. Ya san amsar ya fi ni. Mai buga takarda ba ya korar mamaci daga ƙofarsa, haka ya gada wurin ubansa, kuma a garin nan ko mahaukaci ba ya yage takardar rasuwa daga jikin falwaya. Ya koma ya kunna inji, ya buga kalmomin da ya ƙi bugawa, da haruffan da ya riga ya tsara.

Daga nan kowace Asabar Malama za ta fito da kwanon gam da buroshi ta manna gida ɗaya a bakin tasha, tana bin layin ƙauyen daga tudu zuwa gangare. Aka yi ta gunaguni, amma ba wanda ya kai hannu. Tsofaffin benaye suka riƙa saukowa da tabarau suna karatu suna gardama. Wata 'yar Gidan Ba-Gishiri ta tsaya tana rantsuwa cewa ba manta gishiri aka yi ba, wata kishiya ce a dangin ta ɓoye shi, ta kuma maimaita wa duk wanda ya sauko daga bas. Wasu suna ɗauka a waya suna tura wa 'ya'yansu a ƙasashen waje.

Ni kam abin ya ɓata mini rai, kuma na faɗa mata. Aikin shekaru, a ce a jikin falwaya zai ƙare, tsakanin tallar itacen wuta da cigiyar kyanwa. Kafin ta kai tsakiyar layi, ruwan sama ya wanke gidajen kan tudu, ba a iya karanta su.

"Ruwa ya saba cin Brestino," ta ce. "Ba ni ta cuku guda biyu."

Trendafil kuwa yana nan yana jira. Ya shaida wa kowa cewa ranar da aka manna kakansa, za a ga abin da zai faru, har lauya ya ɗauko daga birni. Asabar ɗin Gidan Kurman Ƙararrawa ta zo, wanda katanga ɗaya ta raba shi da gidan su Trendafil. Asabar ta gaba ya zo tasha da sassafe da sabuwar riga. Malama ta manna gidan da ke ɗaya gefen nasu, ta bar fili daidai faɗin takarda a tsakani, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Ba abin da zai kai ƙara a kai. Layi ya ci gaba da gangarawa. Mutane suna karanta maƙwabcin dama, su tsallake, su karanta na hagu, sai a ɗan saci kallonsa. Na sha hango shi daga taga yana tsaye gaban filin nan, hannu a baya, ya daɗe.

Littafin dai bai taɓa shiga bango ba, in ma wani yana jiran jin haka. Stamen bai sake tayar da zancen ba, ita ma ba ta ba shi fuska ba, kuma har yau a bakin kanta suke magana, ita ta miƙa ya karɓa.

A shagona Trendafil ya same ta, tana jiran a fito da tire. Ya cire hula.

"Malama, barka da asuba."

"Barka, Trendafil."

"Gidanmu yana tsakanin na Kurma da na su Ganka."

"Na sani. A ƙofarku nake wucewa zuwa makaranta."

"Akwai bishiyar tuffa a tsakar gidan. Mahaifiyata ce ta dasa." Ya juya hular a hannunsa. "Yanzu in ban da ni, babu wanda ya san haka."

"Yana cikin abin da na rubuta. Wane suna zan sa a sama?"

Sai da na ciro tire na yanka na naɗe wa wata mata nata sannan ya amsa.

"Sa wanda aka sani. Amma ki rubuta an mayar da jakin."

"Ba a mayar ba. A gidanku ya mutu."

"Haba, Malama."

"Ba a mayar ba, Trendafil."

Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro hoto, wani ɗan siririn mutum mai gashin baki da hular fata, ya ajiye mata a kan kantata, gefen gari.

"To rubuta yadda aka yi," ya ce.

Ranar Asabar shi ya riƙe mata kwanon gam.