Jar saniyata da tiyon maigida

Maigidana injiniya ne a gidan matsar man gujiya, wato gyaɗa, na Nasara da ke Maraɗi, tun zamanin da kumandan, babban jami'in Nasara, ke mulkin gari. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya je har Bamako ya koyo aikin injuna. Ni kuwa ’yar Tsibiri ce, ban san komai game da ƙarfe ba sai wanke baƙin mai daga rigunansa. Idan inji ya lalace, ba ya saurin kwance shi. Sai ya ɗora kunne a jikinsa, ya lumshe ido, ya yi shiru. Haka yake yi wa yaranmu idan suna tari, har na riƙa tsokanarsa cewa wata rana zai saurari tukunyar miyata.

Bayan injuna, shanu ne abin sonsa. Garkenmu yana Jiratawa, bakin gulbi, a hannun wani dattijon Bafillace. Ranar Asabar da yamma yakan kwashe mu duka zuwa can, mu a kan jakuna, shi a kan keke da jakar kayan aikinsa, wadda ko gidan suna zai je sai ya rataya ta. A garken nan saniya ɗaya ce tawa, wata ja mai gajeren ƙaho. Mahaifiyata ce ta ba ni ita tana maraƙa lokacin aurena, kuma ba ta shekara ba bayan haka Allah ya karɓi ranta. Saniyar ta haihu, amma duk maza, ba ta ba ni macen da za ta gaje ta ba. Ina son ta fiye da yadda ya kamata a so dabba.

Wata Lahadi bayan kaka, ina dama fura da hantsi, sai na ji hayaniya. Jar saniyata ta ɓalle ta shiga fadama, ta ci gyauron dawa, wato ɗanyen tohon da ke fitowa bayan girbi, mai kumbura shanu. Na tarar da ita kwance, cikinta na hagu ya tashi kamar ganga, numfashi yana fita da ƙyar. Dattijon ya riga ya wasa wuƙa, maza suna ƙoƙarin juya ta gabas. Kowa ya san dalili: in ta mutu ba a yanka ba, ta zama mushe, an yi asarar ta da namanta.

Maigida ya durƙusa ya ɗora kunne a cikinta. Na ji kamar in ture shi. Ana batun rai, shi yana sauraro!

Ya ɗago ya ce wa dattijon, "Baba, dakata kaɗan. Iska ce ta cika ta, ta rasa hanyar hita." Sannan ya juyo wurina, a gaban duk mazan nan. "Uwar yara, na taɓa ganin likitan dabbobi ya huda wata, ta tashi. Ni ban taɓa yi ba. In na kuskure, a hannuna za ta mutu, ba nama ba saniya. Taki ce. Mi kika ce?"

Dattijon ya ce, "Uwar ɗakina, a yanka hwa tun da sauran rai."

Na ji haushin maigida a lokacin, don ya ɗora mini abin da ya fi ƙarfina. Amma na ji daɗi kuma, domin babu wanda zai zarge shi da ya yanke hukunci shi kaɗai, sai ya tsaya yana jira na. Na dubi idon saniyar, na tuna ranar da mahaifiyata ta damƙa mini igiyarta.

Na ce, "Huda ta."

Ya zazzage jakar nan da nake yi wa dariya, ya ɗauko guntun tiyon tagulla na man inji, ya goge bakinsa da magagari har ya yi tsini, ya gasa shi a wutar girkina. Ya laluba kwarin da ke gaban ƙugunta, ya tsaga fata, ya yi bisimilla, ya danna. Sai iska ta fito da ƙara, da wani wari da ya kori maza har da mai wuƙa. Ni kaɗai na tsaya tare da maigida, ina kuka ina toshe hanci. Kafin azahar ta miƙe tana tangaɗi, kuma damina biyu bayan haka ta haifa mini mace.

Mun tsufa tare, ni da shi. Nasara suka tafi, ya bar aiki, ya koma wa shanunsa da jikoki. A ciwonsa na ƙarshe cikinsa ya ƙi karɓar komai sai madara mai ɗumi, kuma daga jikar jar saniyar nan ake tatso masa ita kowace safiya. Wata rana ina riƙe masa ƙwarya, ya sha, ya goge gemu, ya dube ni da murmushin nan nasa.

Ya ce, "Uwar yara, da kin ce a yanka, mi zan sha yau?"

Na ce ya yi shiru ya shanye, kada ta huce.