Kwaɗin da Rininsu Ya Zuba

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Ba kwaɗin ba, ba mai kwaɗin ba, ni ɗin nan mai furfura. Sai dai wawa ma yana da ranarsa, kuma tawa ta zo.

Shekara arba'in na yi ina rini a Kano, har yau akwai ragowar shuni a gefen farcena. Boko kuwa aji huɗu na yi na gudu, amma ina riƙe jarida riƙon da ba ka isa ka gane ban iya karanta ta ba. Ciwon gwiwa ne ya kai mu Dubai ni da Hajiya, wurin ɗanmu da ke aiki a ofishin jiragen dakon kaya a Jebel Ali. Muka sauka a gidansa na Al Karama, hawa na biyar, da niyyar wata biyu.

Maƙwabcinmu wani ɗan Jos ne, Kirista, mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, Hausarsa ta fi ta ɗana gishiri. Kullum muka haɗu a lifta sai ya karɓe mini leda yana cewa, "Baba, kawo, gwiwar nan ta gwamnati ce, a lallaɓa ta." Wata rana bayan la'asar ya buga mana ƙofa rungume da akwatin gilashi. A ciki akwai rassa da ganye da 'yar tasar ruwa, sai wasu abubuwa biyu tsanwa shar manne da reshe, kamar an ɗora ɗanyen mangwaro an yi masa idanu.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Kwaɗina ne, Baba. Za ni gida bikin ƙanwata, sati uku kawai. Amana zan bar maka."

Na ce, "Ɗan nan, mutane na kiwon raguna, kai ka tsallako teku kana kiwon kwaɗo? Ranar Kirsimeti wanne za ka yanka?"

Ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce irin na kan bishiya ne, a shagon dabbobi ya saye su, su ne ke ɗebe masa kewa in ya dawo aiki. Ya ajiye mini robar gyare, abincinsu ke nan, da 'yar kwalbar feshi, sannan ya miƙo takarda cike da Turanci. Ya ce, "Dokokinsu ne, ko in karanta maka?" Na saka tabarau, na duba takardar tun daga sama har ƙasa ina gyaɗa kai, na ce, "Ba komai, duk na gani." Na ninke ta na cusa a aljihu. Ni da na taso a bakin kududdufi, wai yau za a karanta mini kwaɗo!

Bai yi sati da tafiya ba korona ta rufe duniya. Jirage suka tsaya, aka kulle mu a gida, shi can Jos, mu nan hawa na biyar, amanar sati uku ta zama ta sai yadda hali ya yi.

Zaman kulle ne ya ba ni lokacin yin tunani, kuma nan ne matsalar ta fara. Na zauna gaban akwatin na ce wannan yaro zalunci yake yi. Kwaɗo ɗan ruwa ne, kowa ya sani, ina aka taɓa ganin kwaɗo a kan reshe kamar kanari? Na kwashe rassan da ganyen na zuba a kwandon shara, na cika akwatin da ruwan famfo har rabi. Don in ƙara musu gata na ɗauke su daga lungun da ya ce a ajiye su, na kai su ƙarƙashin esi, inda sanyi ke sauka kai tsaye.

Hajiya na tsinke alayyafo tana kallona. Ta ce, "Malam, haka mai su ya ce?"

Na ce, "Mai su yaro ne."

Cikin kwana uku suka daina cin gyare. A kwana na biyar na leƙa da safe. Tsanwar nan ta tafi. Ga su can manne a saman gilashi, ruwan ƙasa, kamar tsohon buhu.

Ni marini ne, na san abin da na gani. Rini ya zuba. Na sa kaya a ruwa ba tare da na tambayi ko rinin ya kama ba, kuskuren da ko sabon shiga a marina ba zai yi ba. An ba ni amanar kwaɗi kore, zan mayar da kwaɗi ruwan ƙasa, in ma sun kai da rai. A marina in ka ɓata wa mutum riga kana iya saya masa wata. Wannan fa? Mutumin da ke karɓe mini leda a lifta, in dube shi in ce masa me?

Kullum sai ya kira waya. "Baba, yaya 'ya'yana?" In ce lafiya lau, suna gaishe ka. Ya ce in kunna bidiyo ya gan su, in ce wayata ba ta da wannan. Wayar da nake kallon wa'azi da ita wuni guda.

Da abin ya ishe ni sai na koma ga sana'a. Na shiga kicin na binciko 'yar kwalbar kala ta kek da surukata ta bari kafin ta tafi gida haihuwa, kore ce shar. Na ɗiga a kofi, na dama da cokali, na gwada a gefen hankici, ta kama. Na naɗe hannun riga, na buɗe akwatin ke nan sai na ji murya a bayana.

"Innalillahi. Malam, me zan gani?"

Na ce, "Aiki nake. Tsoma ɗaya ne, ba zai ji komai ba."

Ta ƙwace kofin ta juye a wurin wanke-wanke. Ta dawo ta nuna akwatin ta ce, "Kai da ka ce kai ne sarkin marina, in rini ya zuba ina yake tafiya?"

Na ce, "Cikin ruwa mana."

Ta ce, "To dubi ruwan."

Na duba. Fari tas, ko alamar kore babu. Shekara arba'in ban taɓa ganin rinin da ya zuba ya bar ruwa fari ba. Na ja kujera na zauna, na yi wa kwaɗin kallon da ya kamata in yi musu tun ranar farko. Ga ruwa na cika musu, amma ko ɗaya bai taɓa shiga ba. Suna can ƙurewar sama, a kusurwar da iskar esi ba ta kaiwa, sun ƙudundune. Yatsunsu ma ba irin na kwaɗinmu ba ne, kowane yatsa da ɗan faifai a bakinsa, na hawa ne. Ashe ba zuba ya yi ba, wuya ce ta dusashe su, kamar yadda fuskar mutum ke dusashewa.

Da rana muna cin abinci na zaro takardar nan daga aljihu na miƙa wa ɗana. Na ce, "Karanta mini wannan da Hausa, in ji ko kuɗin makarantar da na biya ya yi amfani." Ya karanta yana cije leɓe. Kada a ajiye su gaban esi. Kada a cika musu ruwa, 'yar tasa ta isa, kuma ruwan gora, ban da na famfo. A bar musu rassa. A yi musu feshi safe da yamma. Kada a taɓa su da hannu mai turare. In sun koma ruwan ƙasa suka daina ci, sanyi ne ko takura. Duk dokar da ke takardar nan sai da na karya ta, har da ta turaren.

Na ce, "Madalla, Turancinka ya yi. Daidai da yadda na karanta."

 Hajiya ta tashi ta fita baranda ta dawo da rassan nan, ashe tun ranar ta tsince su daga shara ta wanke ta adana.

Daga nan na zama bawan kwaɗi. Na mayar da su lungunsu, na hana kowa ƙure esi, ɗana na zufa yana cewa, "Baba, khalas, ya isa haka, za mu dahu," ina cewa dahu, kai ba amana ba ne. In na idar da sallar asuba feshi, bayan la'asar feshi. Ina wanke hannu kamar mai shirin shiga tiyata. Gyare in ya ƙare a yi oda ta waya, a kawo har ƙofa, mai kawowa na tsaye nesa da takunkumi yana mamakin Alhajin da ke sayen ƙwari.

A rana ta huɗu babban cikinsu ya yi tsalle ya cafke gyare, har da tura shi baki da hannu kamar mai cin tuwo. Na yi kabbara. Sannu a hankali launi ya soma dawowa, daga gadon baya zuwa ƙafafu, yadda zane ke yi in ka fito da shi daga karofin rini iska ta buge shi. Kafin sati biyu sun koma tsanwa shar, har suna sheƙi. Ranar ni na kira ɗan Jos da kaina, da bidiyo. Ya ce, "Baba, ashe wayar ta gyaru?" Na ce kulle ne ya gyara ta.

Babbar ranar kuwa wata Juma'a ce da hantsi. Na gama feshi, Hajiya ta kunna injin markaɗe a kicin, sai babban ya kumbura maƙogwaro ya saki murya. Ƙwarr, ƙwarr, ƙwarr! Ta kashe injin ta fito da gudu, hannu duk tattasai. Muka tsaya cirko-cirko. A garin da sai a shekara ba ka ga hadarin kirki ba, hawa biyar sama da ƙasa, ga damina ta shigo mana falo. Hajiya ta ce, "Kamar bayan gidanmu in an yi ruwan farko." Ta goge ido da gefen mayafi ta ce tattasai ne.

Sai bayan watanni aka buɗe hanya ɗan Jos ya dawo. Ko akwatinsa bai kai ɗaki ba ya faɗo mana. Ya durƙusa gaban gilashin ya ce, "Baba! Ai sun fi yadda na bar su. Dubi ƙiba, dubi launi!" Na sa aka kunna injin markaɗe, babban ya rera masa. Ya dafe kai ya ce shi tunda ya saye su bai taɓa jin kukansu ba.

Na gyara zama, na kaɗa hula gefe. Na ce, "Ɗan nan, launi ba a littafi ake koyonsa ba. Ka kawo kayanka hannun marini ne. Duk abin da ya biyo ta hannuna, to launinsa ya zauna ke nan har abada."

Hajiya na zuba masa kunun aya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara arba'in ina wanke rigunan da ka rina, Malam. Kaf aikinka wannan ne kaɗai bai zuba ba, shi ma don na ƙwace kofin ne."