Mesa a Falona

Ƙarar salatif ce ta fara iske ni a kicin. Kiiit, sai a yanke, can kuma kiiit. Ina wanke shinkafa, na ɗauka maigidan ne yake ɗaure kwalin tsarabar da za mu aika Kano. Da na leƙo falo ban ga kowa ba, sai 'yan takardu da aka bi kayan ɗakin kaf aka manna musu. A jikin teburin da muke cin abinci an rubuta da jan biro, ɓaro-ɓaro: MESA.

Hankalina ya san ba yadda za a yi mesa ta hawo bene a tsakiyar unguwar Nuzla ta Jidda, amma ƙafafuna ba su tsaya shawara da shi ba. Sai ganina na yi a kan kujera ina salati.

'Yata ta fito a guje. Ita ce ta fari, shi ya sa ko a takarda ba na iya kama sunanta.

"Esh fi, Umma?" in ji ta, wato me ya faru.

"Wa ya ga mesa a gidan nan?"

Ta dubi takardar, ta dube ni. Da Larabci ta yi mini bayani cewa sunan tebur ke nan da Sifaniyanci. Ni kuma na ware hannuwa na nuna mata tsawon abin da mu muke kira mesa, da yadda take haɗiye akuya sukutum. Ta yi dariya har da zama a ƙasa.

Haka muke zance da ita tun da ta yi wayo. Ni in yi Hausa, ita ta mayar da Larabci. A Jidda aka haife ta, kamar babanta, ni ce aure ya kawo. Tana jin Hausa sarai, furtawa ce ba ta yi, kuma na san ranar da ta daina. Wani suna ne muka je a unguwar Sa'alaba tana 'yar firamare. Ana cikin cin abinci ta ɗago kai, da muryarta rangaɗau, za ta ce ta tauna ƙashi a miya, sai harshen ya zame ta faɗe shi da "k" sak irin ta Larabawa. Matan nan suka yi ta dariya har da tafawa. Ba da mugunta suka yi ba, na shaida, amma daga ranar ta kulle bakinta da Hausa.

Ga kuma yadda Sifaniyanci ya shigo mana gida. Ƙanen babanta da ke Amurka ya samo mata gurbi a wata kwaleji. Masu kwalejin suka ce in ta ci jarrabawar wani harshe kafin ta zo, za a lissafa mata shi cikin darussan da ta gama, ba sai ta sake zaman ajinsa ba. Babanta ya ce ai shi ke nan, Larabci a bakinta yake. Aka duba, babu Larabci a ciki. Sai ta zaɓi wannan.

Rubutu da karatu ba su ba ta wuya ba. Inda gizo yake saƙar shi ne sashen magana. Za a sa mata abin ji a kunne, wata murya ta yi tambaya, na'ura ta ce ƙiit, sai ita kuma ta yi ta bayani har lokaci ya cika. Daga kicin ina jin ta tana gwaji a ɗaki. Muryar ta yi tambaya, ƙiit, sai shiru. Shirun nan na san shi, shi ne na gidan suna. Malamar da ke koya mata ta waya ta faɗa mata gaskiya: in ba ta buɗe baki ba, duk kyan rubutunta ba zai fitar da ita ba.

Na kai kukana ga Allah a sujada. Bayan nan kuma sai wata dabara ta zo mini. Wata safiya na ce da ita, "Ke, ni ma koya mini abin nan. Zama kawai nake yi."

"Ke, Umma?"

"Ni ɗin. Na yi sakandare fa, kada ki raina ni. Amma da sharaɗi, ban yarda da takarda ba. Ki faɗa da bakinki, in maimaita."

Kicin ya zama aji. Ashe harshen nan cike yake da 'yan uwa. Sukari asukar, man girki aseite, ga zaitin Larabawa nan a fili. Kofin shayi kuwa tasa suke ce masa, na ce wannan tamu ce suka ara ba su dawo da ita ba. Amma wasu kalmomin kamar da gangan aka juya su. Rana a wurinsu kwaɗo ne. Gida kuma kasa. Na ce a'a, wannan kalma ba za a riƙa ambatonta a gidan da ake shirin jarrabawa ba. Wadda ta fi kwanta mini ita ce ohala, da suke faɗa in suna fatan abu. Ta ce malamarta ta ce daga ambaton Allah aka samo ta. Na yini ina juya ta a baki, ina mamakin inda sunan Ubangiji ya kai.

Sai ranar da na yi aika-aika. Maigidan ya dawo daga gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya jiƙe sharkaf da zafin Jidda, ya tambayi me ake dafawa. Na ce bari in nuna iyawa. Albasa seboya ce, to amma bakina ya ɗauko wata. Na gyara tsayuwa na ce ina soya kabayo.

Yarinyar nan ta riƙe ciki, ta jingina da firji, hawaye na zuba.

"Baba, doki! Umma doki take soyawa!"

"Masha Allah," in ji shi. "Hajiya, a ina kika samu tukunyar da ya shiga? A sa mini cinya."

"Ka ci gidanku," na ce, ni ma ina dariya.

Da ya wuce wanka, na juya na dube ta. "To, kun yi mini dariya ke da ubanki. Dube ni da kyau. Wani abu ya ragu a jikina?"

Ta dube ni sama da ƙasa. Na ga ta gane inda na dosa. Na miƙa mata wuƙa ta ci gaba da yanka dokin.

Ba a ranar bakin ya buɗe ba. A hankali ya zo. Ta fara da gyara mini kuskure, ni kuwa ba na rasa shi. Daga nan ta koma yi mini tambaya irin ta na'urar, in ba da amsar banza, ta ce ba haka ba, ta faɗi daidai. Wata rana ina shanya na ji ƙiit daga ɗakinta, sai murya ta biyo baya, tana tuntuɓe tana tashi. Na tsaya da rigar babanta a hannu har ruwan ya jiƙa mini zane.

Ranar jarrabawa babanta ya kai ta, ya ce yalla, a yi sauri kada a makara. Na tofa mata addu'a a ka. Na yi walaha, na share gidan da ba ya bukatar shara, na dafa abinci ban ɗanɗana ba. Sakamako sai daga baya zai fito, na sani. Ni dai abu ɗaya nake son ji.

Wajen azahar na ji takunta a matakala. Ta shigo, ko abaya ba ta cire ba, ta tsaya a ƙofar kicin tana haki. Na jira Larabcin da na saba. Sai ta ce da Hausa, a karkace, kowace kalma da ƙyar:

"Umma, lokaci ta ƙare, ni ban ƙare ba. Mutumin mai kula da jarrabawa sai da ya ce mini halas, ya isa haka. Zuba mini abinci, yunwa yana kashe ni."