Ranar Da Na Rantse Ba Zan Waiwayi Ƙauyenmu Ba

Shekarun baya, lokacin da nake ganin kaina wani abu saboda na samu aikin koyarwa a Kaduna, na yi wata magana a bakin rafin garinmu wadda har yau idan na tuna ta sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙauyenmu yana can bayan Tsaskiya, a ƙasar Safana. Rafi biyu ne suka sa shi tsakiya. Da rani yashi ne zalla, babur ma wucewarsa yake. Amma da damina ta kankama sai mu koma tsibiri, ba shiga ba fita sai ruwa ya ga dama. Mai tsallakar da mutane kuwa baffana ne, ƙanen mahaifina. Ya san inda ƙasa take da ƙarfi da inda rami yake. Da sanda yake auna ruwan, ya ɗora kayanka a ka, ya riƙe maka hannu.

Ranar tafiyata an yi ruwa da asuba, rafin ya cika, dole muka zauna jiran ya ja baya. Kusan rabin gari sun yo min rakiya. Mahaifiyata tana gefe da matan gidanmu. Wata Bafulatana maƙwabciyarmu, wadda tun ina yaro nake shan nonon shanunta, ta kawo min man shanu a ɗan kwano ta ɗaure da tsumma. Ni kuwa sai duba agogo nake ina tsaki, sabon takalmina a hannu.

Sai wani abokina ya ce, "To malam, idan ka je birni me za ka fi kewa a nan?"

Da wasa ya tambaya. Ni ne na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kewa? Taɓon zan yi kewa ko sauron? Wurin da mutum zai yi wata uku kamar akuya a turke! Wallahi idan na tsallaka ruwan nan ko waiwaye ba zan yi ba."

Mutum biyu suka yi dariya, ita ma ba ta yi nisa ba. Baffa yana ɗaure jakata a lokacin, bai ɗago ba.

Da ruwa ya ragu muka shiga. Muna kaiwa tsakiya ya kawo min ƙirji, yashi ya zame ƙarƙashin ƙafata. Malamin birni sai ga shi ya ƙanƙame tsoho yana ihu, "Baffa kada ka sake ni! Don Allah Baffa!" Takalmi ɗaya ya bi ruwa. Shi dai cewa yake, "Taka nan. Taka nan, ɗana."

Da muka fita ya sauke min jaka wurin mai babur, ya matse rigarsa, ya yi min addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, a hankali, "Ga mahaifiyarka can tana ɗaga maka hannu. Amma ka rantse, kada ka waiwaya, kar kaffara ta hau ka."

Ban san ko da gaske yake ba ko horo ne. Na hau babur wuyana a sandare. Ban waiwaya ba. Girman kai ya hana, kunya ta hana.

Ko wata biyu ban yi a Kaduna ba abin ya fara cina. Ba manyan abubuwa ba ne. Gaisuwar safe da mutum zai tsaya ya tambaye ka gida, gona, gajiya, har ciwon ƙafar da ka manta ka yi. Kukan shanu idan an koro su da yamma. Ƙarar rafin bayan ruwa, wadda muke ji daga tsakar gida mu san yau ba kasuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, zaman jiran nan na bakin ruwa da nake zagi, shi na fi kewa: mai dafaffiyar gyaɗa ya miƙo maka, a gasa masara, manomi da makiyayi da ke harar juna kan gona su zauna kan dutse ɗaya suna gardamar yaushe ruwa zai sauka. Man shanun nan kuwa da ɗan yatsa nake lakata don kada ya ƙare.

Da aka yi hutu na koma. Na fara zuwa wurin Baffa na durƙusa. Ya yi dariya ya ce shi takalmin ne ya ba shi tausayi, ya nema har washegari bai gani ba. Ya yafe.

Na mahaifiyata ne ya fi wuya. Tana tankaɗe na zauna kusa da ita ina ta kame-kame. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni ban ji haushinka ba. Na dai daɗe ina tunani, me muka rage ka da shi a gidan nan?"

Na koyi cewa wurin da kake rainawa ba ƙasa da ruwa ba ne kawai, mutane ne, kuma suna tsaye suna jin ka. Yanzu na wuce shekarun da take da su a ranar, ina da 'ya'yan da su ma suka fara maganar tafiya. Tambayar nan tata kuwa har yau ban samo mata amsa ba, don babu abin da suka rage ni da shi.